Ranar da Motar Baba Ta Koyi Fito

A garejin 'yan'uwan nan biyu doka ɗaya ce tak, kuma babban ne ya kafa ta: in inji yana aiki, ba a magana. Ko kai ne mai motar, ko saƙon gaggawa ka kawo, sai ka kama bakinka ka tsaya har ya gama sauraro, ya ɗaga hannu a kashe. Ƙanensa, Mai Walda, ya shiga ƙarƙashin dokar nan tun gemunsa bai tsiro ba, ga shi yau furfura ta cinye gemun, kuma har yanzu bai daina jin haushinta ba. Allah kaɗai ya san yawan maganganun da ya haɗiye saboda wata akwala tana tari a bakin ƙofa.

Babban kuwa, Kunne kowa yake ce masa, kuma ba a banza ba. Yana da wata doguwar sukundireba mai ƙotar katako, wadda yawan riƙo ya sa ta yi baƙi ta yi sumul. Sai ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya miƙe ya ce matsalar tana fistin na uku, ko ya ce wani bawul ne ba ya zama daidai. A kwance injin, a tarar haka ɗin ne. Direbobi sukan tsallake gareji nawa su zo wurinsa, su sha zaman benci, su sha ɗaure fuska, don Kunne bai iya sannu da zuwa ba. Yabo ma bai iya ba. In ka yi aiki ya duba ya wuce bai ce komai ba, to ka je ka yi murna, iyakar abin da za ka samu ke nan.

Garejin doguwar rumfar kwano ce, da rami a tsakiya na shiga ƙarƙashin mota. Hagu na Kunne ne, sifanoni a jere a jikin allo, kowace da ƙusarta. Dama na Mai Walda ne, da tulunan gas da guduma da injin gurza ƙarfe mai ihun da ke shiga har haƙori. Shi Mai Walda tun yana saurayi yake cusa auduga a kunne kafin ya fara aiki, Kunne kuma tun lokacin yake masa dariya, wai mai toshe kunne a gareji bai san abin da ya kawo shi ba. Shi bai taɓa toshe nasa ba. A buɗe ya bar su, suka sha guduma, suka sha ihun injin gurza, suka sha motocin da salansarsu ta fashe, shekara da shekaru.

A can ƙuryar rumfar, ƙarƙashin tamfol, motar mahaifinsu take. Direban wani kamfani ne shi, ita yake tuƙawa, da ita yake dawowa gida kowace yamma, kuma da ya ajiye aiki ya saye ta a hannunsu ya riƙe ta har ya bar duniya. Ruwan madara ce, da fitilu zagaye da bamba mai ƙyalli, kujerar gaba guda ɗaya doguwa, giyarta a wuyan sitiyari. Tana da wani gurnani da take yi in an sauke giya za a sha kwana, mai kauri, daga can ciki. Suna yara, da wannan gurnanin suke sanin Baba ya kusa, kuma kullum Kunne ne yake riga kowa ji, tun motar tana bayan makaranta. Daga nan sunan ya samo asali, sana'ar ma daga nan ta fara. Kayan irin wannan motar kuwa sun ƙare a kasuwa tuntuni. Fistin ɗin da ke cikinta daga wata 'yar'uwarta da ta yi haɗari aka ciro su, bayan an sha yawon nema, kuma babu wasu. In injin nan ya buga, motar Baba ta zama ɗakin kaji. Su biyun sun san haka.

Shi ya sa ranar da Kunne ya shigo da wani abu a nannaɗe cikin buhu, ya dire shi a kan teburin walda, ya ce a motar Baba za a sa, Mai Walda ya ɗauka wasa ne. Sai ya tuna wansa ba ya wasa. Tarbo ne, ya ciro shi daga wata mota da ta mutu a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Ƙarfe ne mai siffar dodon koɗi, da fanka biyu a ciki: hayaƙin da inji ke fitarwa ya juya ɗaya, ita kuma ta juya ɗayar, ta dinga cusa wa injin iskar da ta fi wadda zai iya shaƙa da kansa. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. A wurin Mai Walda dai, abin bai da maraba da a ɗura wa tsoho abinci da mazurari, sannan a ce ya tashi ya yi tsere.

"Yaya, me ta yi maka?"

"Ba ta da ƙarfi."

"Ƙarfin zuwa ina? Daga nan zuwa gidan mai take, ta dawo ta shige tamfol."

Kunne ya miƙa masa igiyar awo ya ce a auna bututu. A nan shawarar ta ƙare, in har za a kira wannan shawara.

Aikin da ya biyo baya ya kusa raba zumunci. Dole a ƙera sababbin bututun da za su kwaso hayaƙi daga bakin inji su kai wa tarbo, kuma wannan aikin Mai Walda ne. Ya yanka, ya lanƙwasa, ya haɗa, ya goge har suna ɗaukar ido. Kunne ya zo ya shafa da babban yatsa, ya ce ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Aka sake. Aka ɗora tarbo, sai batir ya tsaya masa a hanya, aka kwashe batir aka mayar da shi but, aka ja waya tun daga baya har gaba ta ƙarƙashin kujera. Sai maganar baƙin mai: tarbo yana sha, kuma bayan ya sha dole man ya gangara ya koma tukunyar ƙasa da kansa, ba mai tura shi. Bututun da Mai Walda ya yi ya ɗan kwanta a tsakiya, Kunne ya ce mai zai kwana a wurin, aka sake. Da aka gama duka, aka zo rufe murfin inji, sai ya ƙi rufuwa, tarbon ya tokare shi da kamar faɗin yatsa biyu.

Mai Walda ya ce abu mai sauƙi ne, zai ɗan yanke murfin ya yi masa tozo, a shafa fenti, ba wanda zai gane. Kallon da Kunne ya yi masa, ka ce yatsan Baba ya ce a yanke. Aka sauke komai ƙasa, aka sake ƙera bututun tun daga farko don tarbon ya zauna ƙasa-ƙasa. Ran nan Mai Walda bai ci abincin rana ba, haushi ya ƙosar da shi. Ga motocin mutane sun yi layi a waje suna jiran salansa, shi kuma yana durƙushe yana yi wa motar da ba ta zuwa ko'ina hidimar da ba ta roƙa ba.

Amma ba bututun ne ainihin abin da ke cin ransa ba. Akwai abin da ya daɗe yana gani yana kawar da kai. Da farko ƙananan abubuwa ne: ya kira "Yaya" daga ɓangarensa, shiru, sai ya ce ai halinsa ne, dama ba ya amsawa sai ya ga dama. Sai wata rana mai wata farar mota ya dawo da ita, ya ce ƙarar da ya kawo a duba tana nan daram. Kunne bai taɓa mayar da mota da ƙara a jikinta ba. Daga nan Mai Walda ya fara lura. Ya ga ƙotar sukundireba ta bar kunne ta koma ƙashin bayan kunne. Daga baya ya ga wan nasa, in ya zaci ba mai kallo, yana cije ƙotar da haƙora. Ya ga kuma yanzu ba ya lumshe ido in mutum yana masa bayani, bakin mai maganar yake bi da kallo.

Matar Kunne ce ta ƙarasa masa sauran. Ta kawo abinci wata rana, ta tarar da shi yana wanke hannu a bakin famfo, ta tsaya kamar mai gyara ɗankwali, ta zazzage masa komai. Rediyo a gida sai maƙwabta sun san labarin da ake ciki. Duk abin da ta faɗa, "to" yake cewa, har ranar da ta gwada shi ta ce za ta sayar da gadonsu, ya ce to. 'Yarsu ta kai shi asibiti da ƙyar da jiɓin goshi, aka ba shi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne, ya sa ta sau ɗaya ya ce duk duniya ta koma gwangwani, yanzu tana cikin kwalin tsofaffin notina a saman kabad. Ta ce shi ne ƙanensa, shi ya kamata ya yi masa magana. Mai Walda ya ce ai ita ce matarsa. Ta ce ita ta yi nata, sau ba adadi, to yake ce mata.

Ya za a yi mutum ya dubi wansa, wanda gari guda ke kira Kunne, ya ce masa kunnen ya tafi? Mai Walda ya juya maganar a ransa ta kowace fuska bai sami inda zai kama ta ba. Da abin a motocin mutane ya tsaya, da ya ci gaba da kawar da kai, ya dinga raɗa wa direbobi su ƙara gwada wani wuri. Amma ga motar Baba. Kunne da bakinsa ya koya masa tun da daɗewa: inji mai tarbo, in wutar fulogi ta riga lokacinta ko da ƙiris ne, sai man ya dinga fashewa a ciki maimakon ya ci a hankali. Sautin siriri ne, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kuma ba ya fitowa sai an taka mota tana hawa tudu. Motocin yanzu suna da na'urar da ke kama shi ta gyara da kanta. Motar Baba ba ta da komai sai kunnen mai tuƙa ta. In an ji an ɗaga ƙafa, an tsira. In ba a ji ba, kafin a kai saman tudu fistin ya huje.

Sai ya bi ta bayan gida. Ya ce ko za a kai ta wurin wani mai gyaran mota da kwamfuta ya saita wutar. Kunne ya tambaye shi a wace kafar motar Baba za a jona kwamfutar. Ya ce to a ja wutar baya sosai, a bar ta a haka, a zauna lafiya. Kunne ya ce in raguwar mota ake so, ai da ba a sha wahalar sa tarbo ba, shi zai saita ta da kunne a kan tudu kamar yadda ake yi tun kafin a haifi mai kwamfutar. Ya faɗi "da kunne" ɗin nan ko gezau, yana goge fulogi, Mai Walda ya ji kamar ya ɗauki guduma ya bugi bango.

Da dabara ta ƙare, sai ya koma ga abin da hannunsa ya iya. Ya sami guntun bututun jan ƙarfe, ya daddake bakinsa ɗaya ya yi faɗi, ya huda, ya ɗaure shi da noti a jikin injin. Ya jona masa siririn tiyo na roba, ya zura ta wata tsohuwar kafa ya fito da shi a gefen mai zaman banza. Wanda ya sa bakin tiyon a kunne zai ji duk abin da ke gudana a cikin injin, har numfashinsa. Ya yi aikin ne lokacin da Kunne ya fita sayen gaskit, ya ɓoye tiyon ƙarƙashin tabarmar ƙafa, yana ganin ya yi wayo. Washegari ya tarar da shi a nannaɗe a kan teburinsa, da notin a ajiye a kai.

"Motar Baba ba ta kwanta asibiti ba, balle a sa mata tiyo," in ji Kunne, bai ko juyo ba.

Mai Walda ya ɗauki abin ya wurga shi cikin duro inda ake tara tarkace. A ransa ya ce shi ke nan, ya cire hannunsa, wanda ya ga dama ya kashe motar ubansa. Sai dai uban nasu ɗaya ne, kuma wannan ne ya hana shi sakat.

Ranar gwaji da hantsi suka fita. Motar ta tashi bugu ɗaya, abin da ya ƙara wa Mai Walda haushi, don ya so ta ƙi. Kunne ya kama sitiyari, shi kuma ya zauna a gefe, hannu a kan cinya, kunnuwa a buɗe babu auduga. Inji yana aiki, don haka ba magana. Suka ratsa layin masu kayan gini, suka wuce gidan mai, gidaje suka fara yin nisa da juna. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take tafiya, sai wani siririn fito da take yi a ƙarƙashin murfi duk lokacin da aka ɗan taɓa totur. Gaba akwai gada, daga gadar kuma doguwar hanya ce mai hawa, wadda manyan motoci ke rarrafe a kanta.

Suna sauka daga gadar Kunne ya taka. Fiton ya yi sama, sai kujerar ta taso ta dafe musu baya, tsohuwar nan ta zabura kamar an tsikare ta. Gaskiya ko Mai Walda sai da ya ji wani daɗi ya ratsa shi, bututunsa ne fa suke wannan aikin. Daɗin bai daɗe ba. A ƙarƙashin fiton ya jiyo shi, ƙas-ƙas-ƙas, siriri, daga can gefen injin. Ya juya ya dubi wansa, yana jiran ya ga ƙafar ta ɗaga.

Kunne dariya yake yi. Baki a buɗe, har wushiryar da Mai Walda ya manta yana da ita ta fito. Rabon da ya ga wannan fuskar tun suna rige-rigen buɗe wa Baba ƙofa. Ƙafar kuwa sai ƙara nutsewa take.

Ya ce "Yaya." Ya karya dokar da bai taɓa karyawa ba, kuma ko kallo bai samu ba. Ya ƙara ɗaga murya. Tsakuwar ta ƙaru a gwangwani, yanzu ba ta tsayawa. Sai kawai ya shafa wa idonsa toka, ya sa hannu biyu ya rungumo gwiwar wansa ya ɗaga ta sama. Motar ta yi tangal-tangal, sitiyari ya kauce, Kunne ya fizge ƙafarsa ya danna birki, suka gangara gefen titi ƙura ta rufe su. Ya kashe injin.

Yanzu an halatta magana. Abin takaicin shi ne, maganar da Mai Walda ya daɗe yana shiryawa, wadda ya so ya faɗa cikin ladabi, a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ba yadda za ta isa inda aka aike ta sai ya ɗaga murya a bakin titi, manyan motoci suna wucewa.

"Tana ƙwanƙwasa, Yaya. Tun daga gada take yi. Ba ka ji ba. Na kira ka ma, ba ka ji ba."

Kunne bakinsa yake kallo har ya gama. Ya fita ya buɗe murfin inji, ya sa tsumma ya kwance fulogin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne yana dubawa a rana. Na ukun ya fi daɗewa a hannunsa. Ya miƙo wa ƙanensa. A bakin fulogin akwai wasu 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli, kamar an barbaɗa gishiri. Saman fistin ne ya fara narkewa yana tartsatsi. Bai huje ba tukuna, amma da sun kai rabin tudun a haka, da janwe za a nemo.

Kunne ya jingina da motar, yana murza tsumman a hannu. Ya ce ya sani. Ba ƙwanƙwasar ba, ita bai ji ta ba, ɗayar maganar ce ya sani, ta kunnen, tun kafin matarsa ta sani.

"Rabona da muryar motar nan tun kafin mu sake kwanon rumfa. In tayar da ita, in ga fanka tana juyawa, in ga hayaƙi, shi ke nan, kamar ina leƙen motar wani ta taga. Sai na ce to, tunda ba za ta ƙara yi min magana ba, bari ta dinga tura ni a baya, in san tana nan." Ya dubi tudun. "Ɗazu ta tura ni."

Mai Walda ya rasa inda zai sa kansa. Tausayi ya kama shi, haushi kuma bai sake shi ba. Wato duk bututun nan da ya ƙera ya warware, duk batirin da aka yi wa hijira, duk abincin da ya kasa ci, maganar da ke ƙarƙashinsu ba ta fi a faɗe ta kafin shayi ya huce ba. Da an gaya masa tun ranar buhu, ai da ko murfin zinariya aka ce ya ƙera zai ƙera. Ya buɗe baki zai faɗi haka, ya tuna sai ya yi ihu kafin a ji, ya fasa.

Kunne ya mayar da fulogin, ya sassauta noti ya ja wutar baya kaɗan. Sannan ya zagaya ya buɗe but. A gefen batir, a nannaɗe tsaf, ga bututun jan ƙarfen nan da tiyonsa, wanda aka wurga cikin duro. Wato tun a gareji ya tsamo shi ya taho da shi, kuma ya bar ƙanensa ya yi ta zaman zullumi tun daga layin masu kayan gini. Shi da kansa ya ɗaura shi a jikin injin, yana mitar cewa an daddake bakin a karkace, kuma hudar ta yi faɗi. Ya zura tiyon ya miƙo ta taga.

"Sa a kunnenka. In ka ji ta fara, ka bugi gwiwata. Bugu na ce, ba ɗagawa ba, ka kusa kashe mu."

"Dokar fa? In inji yana aiki?"

Sai da ya maimaita kafin Kunne ya kama. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yi ta maganarsa, wa zai dama. Mai Walda ya yi shekaru yana jiran ranar da za a cire masa takunkumin nan, ga ta ta zo, kuma bai ji daɗin komai ba.

Suka sake hawa. Sau biyu ya bugi gwiwar, sau biyu suka tsaya aka ƙara ja da wutar, Kunne yana ƙorafin cewa bugun ya yi ƙarfi, sai ka ce da ma an daɗe ana neman dalili. A hawa na gaba tiyon bai kawo komai ba sai tafiyar inji sumul. Motar ta haye tudun nan kamar ba ita ba, kujera tana dafe da bayansu har sama.

A saman tudun akwai kwana inda ake juyowa. Kunne ya taka kuloci, ya sauke giya, ya karya sitiyari, sannan ya waiwayo ya zuba wa bakin ƙanensa ido.

"Ta yi?"

Mai Walda ya san abin da ake tambaya. Gurnanin ne, na shan kwana, na Baba ya kusa. Bai yi ba. Tarbon ya zauna a hanyar hayaƙin ya shanye shi, kuma da hannunsa ya ƙera bututun da suka kai shi can. Gyaɗa kai kawai zai yi a wuce wurin, ba wanda zai taɓa ƙaryata shi. Amma ya gaji da haɗiye magana. Ya girgiza kai, ya tsuke leɓe ya nuna.

"Fito take yi yanzu."

"Fito? Motar Baba?"

"Kai ka ce a sa."

Kunne ya mayar da ido kan hanya, suka fara gangarowa. Can ya ce to, Allah ya rufa masa asiri da bai ji ba.

Suka sake haye gadar, suka wuce gidan mai, Mai Walda riƙe da tiyo a kunne ɗaya, ɗaya hannun a kusa da gwiwar wansa, yana lissafin cewa daga yau duk inda motar nan za ta sai da shi, ga layin masu salansa yana jiransa, ga wuyansa har ya fara ƙagewa. Suka iso kwanar shiga layin gareji. Kunne ya taka kuloci ya sauke giya, tarbon ya yi ɗan fitonsa, sai ga gurnanin ya cika motar, mai kauri, daga can ciki, daidai da yadda yake tun tana bayan makaranta. Mai Walda ya zare tiyon daga kunnensa. Ba daga inji yake fitowa ba. Kunne ne yake yinsa a maƙogwaro, ido a kan hanya, bai san ana jinsa ba.

Mai Walda ya juya fuskarsa wajen taga, ya riƙe tsohuwar dokar har suka shiga rumfa aka kashe injin.